Abokai sunce in sayi ƙaramar laima, madam kuma tace sai ta kai ƙarata wajen Hajiya

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan Kano ne aiki ya kawo ni Dubai, shekarata 30, ina da mata da yaro ɗaya muna tare anan. Bara wani abokin aikina ya ja ni muka je aka ɗaure ni a jikin malami muka diro daga jirgin sama, tun ranar abin ya shiga raina, nayi kwas na samu lasisi, yanzu dirata 68 kuma ina da lasisin B. Har yau hayar kaya nake, laimar dira mai faɗin murabba'in ƙafa 230 wata rana 210, kuɗin haya ya fara isata. Nauyina kilo 86. To akwai wani da muke dira tare zai bar ƙasar, yace zai sayar min da kayansa gaba ɗaya da araha sosai, laima samfurin Katana 150 ce a ciki, laimar ko-ta-kwana 143, da Cypres, na'urar buɗe laima da kanta, da yace saura kamar shekara ɗaya ta ƙare. Abokai sunce in saya kawai, wai in na sayi babba wata shida zan gaji da ita in yi asarar kuɗi, gara in sayi ƙarama in bi ta a hankali har in saba. Matsala ta biyu madam ce. Ta ga bidiyon wani da ya bugu da ƙasa, tun ranar bata da sukuni, nace mata akwai na'ura mai buɗe laima da kanta ko na suma, babu abin da zai same ni, bata yarda ba, yanzu tace in ban daina ba zata faɗa wa Hajiyata, ita kuma Hajiya bata ma san ina wannan abin ba. In saya ko kar in saya? Kuma ya zanyi da madam?

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka sayi kayan nan. Ko kyauta ya baka kar ka saka su a bayanka, na fara da wannan ne sabida in baka karanta komai ba a cikin amsar nan to ka karanta wannan layin.

Zo muyi lissafin tare, nasan an koya maka shi a kwas amma da alama araha ta sa ka manta. Kai kilo 86 ne, kayan da zaka goya da hular kwano da takalmi da rigar dira ka sa musu kilo 12, kaga ka fita ƙofar jirgi da kilo 98, in ka juya shi zuwa laba irin ta Amurkawa da ake lissafin da ita, kilo ɗaya laba 2.2, ya zama wajen laba 216. Sai ka raba da faɗin laimar, abin da ya fito shine lodinka, wato nauyin da kowace murabba'in ƙafa ta laimar ke ɗauka. A kan 230 lodinka 0.94 ne, a kan 210 ya zama 1.03, a kan 150 ɗin da ake maka talla 1.44, ita kuma ta ko-ta-kwana 143 ka haura 1.5. Ƙungiyar masu dira ta Amurka, USPA, wadda tsarin lasisinta ne A a dira 25, B a 50, C a 200, D a 500, shawararta ga mai lasisin A da B kar ya wuce 1.0, mai C kar ya wuce 1.2, kuma suka ƙara da cewa duk laimar da take 150 ko ƙasa da haka laimar ƙwararru ce ko da kuwa mai hawanta bashi da nauyi, a ajin masu lasisin D suka ajiye ta. Wato ko 210 ɗin da kake haya wata rana ka ɗan taɓa bakin iyakarka ne, 150 kuwa ka tsallake 190 ka tsallake 170, matakala biyu kenan da kowacce mutane ke shafe dira ɗari ko fiye a kanta.

Kuma ba girman kaɗai bane matsalar. Katana ba laimar yau da kullum bace da aka rage mata faɗi, kamfanin Performance Designs na DeLand a Florida sun ƙera ta ne don wanda ya riga ya goge yana son ya koyi saukar nan ta gudu da ake sulalowa a share ƙasa, fukafukanta sirara ne ta gefe, in ka ja ta ta juya sai ta sunkuyar da kai ƙasa ta daɗe tana nutsawa kafin ta dawo daidai, an yi ta da gangan haka don masu wannan wasan abin da suke so kenan. A hannunka kai wannan halin nata shine haɗarin. Hatta wajen buɗewa, irin waɗannan laimomin in igiyoyi suka murɗe basa tsayawa su jira ka warware kamar yadda 230 ɗinka take yi kana harba ƙafa kana dariya, juyawa suke fara yi da kai suna gangarowa kana kwance da bayanka, cikin daƙiƙu kaɗan ka cinye ɗaruruwan ƙafa, dole ka yanke ta ka koma kan ta ko-ta-kwana. Zamu zo kan wannan.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shine inda ake mutuwa a wannan wasan. Mutanen waje suna zaton laima ce ke ƙin buɗewa, madam ma ƙila haka take zato. A da can haka ne, amma kaya sun gyaru sosai, tun daga zoben nan uku na sakin laima da Bill Booth ya ƙirƙiro a shekarun 1970 zuwa na'urar Cypres da ta fito a Jamus a 1991. Alƙaluman USPA na 2023 mutum 10 ne suka rasu a dira wajen miliyan 3.65, alhali a shekarun 1970 ana rasa sama da 40 a shekara da dira ƙasa da haka nesa ba kusa ba. To amma in ka bi rahotannin waɗanda suka rasu da waɗanda suka karye shekara bayan shekara zakaga kaso mai yawa laimarsu ta buɗe lafiya lau, babu abin da ya same ta, mutum ne ya juya ta yana kusa da ƙasa, ko biyu suka yi karo a sama, ko aka ja birki a makare. Lafiyayyiyar laima ce take kai su ƙasa.

Ga yadda abin yake faruwa, kuma na sha ganinsa da idona. Ka shigo layin ƙarshe na sauka kana ƙafa 100 ko ƙasa da haka, komai daidai, sai wani ya ratso ta gabanka, ko ka hango shinge ko mota ko wata 'yar guguwa ta taso a inda zaka sauka, kafin kanka ya gama tunani hannunka ya riga ya fizgo linzami ɗaya, wato igiyar tuƙin laima, ƙasa. Ba wauta bace, jikin ɗan adam ne, abin da baka maimaita shi sau ɗaruruwa ba a lokacin firgici bazaka yi shi ba. A kan 230 wannan fizgar sakamakonta targaɗe ne ko ƙujewa da ƙura a baki, ka tashi ka karkaɗe ana maka sannu. A kan Katana 150 da lodi 1.44 fizgar nan ɗaya ita ce ƙashin cinya da ƙugu da ƙashin baya. Ko a lissafi mafi sauƙi, daga 0.94 zuwa 1.44 gudun laimar zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin buguwa kuma ya ƙaru da fiye da rabi, wannan tana tafiya miƙe kenan ba'a juya ta ba, in aka juya abin ya wuce haka sosai domin igiyoyinta gajeru ne tana amsa hannu nan take.

Shi yasa maganar abokanka ta wai ka bi ta a hankali bata da tushe. Kamar wanda jiya-jiya ya koyi zama kan sirdi ne a ce ya hau ingarman da ake sukuwa da shi ranar hawan daushe, wai ai zai bi shi a hankali, to dokin bai san kai ɗan koyo bane. Kai zaka iya yin hankali, amma wanda zai ratso gabanka fa? Iskar da zata mutu tsit kana dab da ƙasa fa? Ranar da jirgi ya sauke ku nesa ka kasa dawowa fili dole ka sauka tsakanin tudun yashi da wayar wuta fa? Laima ana zaɓenta ne don ranar da komai ya ɓaci, ranar da komai ke daidai ai kowa gwani ne.

Sannan ka tuna inda kake. Zafin Dubai in ya kama yana haura digiri 40, iska mai zafi bata da kauri, laima tana gudu fiye da yadda take yi da sanyin safiya a watan Janairu kuma birkinta baya kamawa kamar da, wato laima ɗaya ce amma da rana tsaka ta zama kamar an rage mata girma. Ga guguwar hamada da take tashi ba sallama, in ta daki laima tana iya naɗe mata gefe ɗaya. Duk wannan dalili ne na ƙara faɗi, ba na ragewa ba.

Yanzu ta ko-ta-kwana, wadda gaskiya ita tafi tayar min da hankali a cikin wasiƙarka kuma ita ce baka ko tsaya a kanta ba. Yaushe mutum yake ganin wannan laimar? Ranar da ta farko ta lalace, zuciya na bugawa, kana ƙasa-ƙasa, sau da yawa ka riga ka yi nisa da fili, laimar da baka taɓa tuƙawa ba ko sau ɗaya, mai ɗakunan iska bakwai, yadinta daban birkinta daban. A wannan ranar kake so ka tsinci kanka ƙarƙashin 143, mafi ƙanƙantar abin da ka taɓa rataya a jikinsa a rayuwarka? Ka ƙara da wannan, ita na'urar da kake faɗa wa madam, in ka suma ta buɗe maka, to sumamme zaka sauka, ba mai juya laimar ta fuskanci iska, ba mai jan birki, yadda ta ga dama haka zata ajiye ka. Da lodi 1.0 akwai kyakkyawan fatan a ɗauke ka da rai da 'yan raunuka. Da 1.5 ban so in ƙarasa maganar. Kar kuma kace zaka sayi kayan ka cire ƙananan ka zuba manya, jakar da aka ɗinka don 150 da 143 bazata ɗauki 210 ba, kowace jaka akwai iyakar abin da take ci, in aka cusa mata abin da yafi ƙarfinta fitowar laimar ma sai ta zama matsala. Ga ɗamarar jikin jakar, an auna ta ne da tsawo da ƙirjin mai ita, in tayi maka yawa ko kaɗan wata fitinar ce.

Ita Cypres ɗin kuma bari in faɗa maka aikinta tsakani da Allah. Tana auna tsayi da gudun faɗuwa, in ka kai wajen ƙafa 750 daga ƙasa kana faɗowa da gudun da ya kai mita 35 a daƙiƙa, sai ta datse igiyar da ta riƙe jakar ko-ta-kwana. Shikenan aikinta. Ta ceci rayuka da yawa kuma ni bana yarda kowa nawa ya hau jirgi babu ita ko Vigil ta Beljiyam ko makamanciyarsu. Amma in laimarka a buɗe take ka juya ta cikin ƙasa, na'urar nan bata da abin da zata yi maka ko kaɗan. Kuma tana da wa'adi, waɗanda aka ƙera kafin 2017 shekara 12 da rabi ne, na bayan nan 15 da rabi, in saura shekara ɗaya to baɗi sai ka sayi sabuwa da kuɗi masu kauri, ka cire wannan daga arahar da ake maka kwaɗayi da ita ka ga me ya rage.

To me zaka saya? Ra'ayinka na mallakar naka kayan daidai ne, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, wanda yake dira da laima ɗaya kullum yafi saurin ƙwarewa akan mai canza ta haya yau wannan gobe waccan. Ka nemi 210 in malamanka na fili sun kalli saukarka sun gamsu, in basu gamsu ba ka ƙara zama kan 230 ba abin kunya bane. Irin su Sabre2 ko Sabre3, Pilot ta Aerodyne, Safire, Pulse, ko Spectre mai ɗaki bakwai wadda aka santa da buɗewa a hankali, duk laimomi ne masu haƙuri da kuskure kuma akwai abin koyo a jikinsu na shekaru. Ta ko-ta-kwana kar ta gaza ta farkon, wajen 218 shine daidai kai, in jakar ta matse akwai masu yadi marar kauri irin Optimum da suke naɗuwa ƙanana. Ka tabbata akwai igiyar nan da take jawo ta ko-ta-kwana da zarar ka yanke ta farko, RSL, in ma da Skyhook ne, mai sa laimar da ka yanke ta fizgo ta ko-ta-kwana da sauri, ko irinsa to madalla. Maganar wai zaka yi asara kuwa ba haka kasuwar take ba, kaya masu wannan girman sune suka fi saurin shiga domin kullum akwai sabbin masu lasisi dake nemansu, in ka riƙe su da kyau zaka sayar ba tare da ka faɗi sosai ba.

Na hannu ba laifi bane, yawancinmu da su muka fara. Sharaɗin kawai kar kuɗi ya fita sai mai naɗin laima mai lasisi, wanda ba abokin mai sayarwa ba, ya baje kayan ya duba su ɗinki-ɗinki. Ya duba shekarar ƙira, ya duba yadin ko rana ta cinye shi domin hasken rana yana kashe nailan, ya duba igiyoyi, kayan da suka yi rayuwa a hamada yashi yana shiga cikin zaren yana cinsa ta ciki, igiyar Spectra kuma zafin gogayya yana sa ta ƙanƙance har laima ta daina tashi daidai, irin su Vectran da HMA basa ƙanƙancewa amma suna iya tsinkewa ba tare da sun nuna tsufa sosai ba, yawanci bayan 'yan ɗaruruwan dira sai an sake igiyoyi gaba ɗaya kuma wannan ma kuɗi ne da za'a cire a ciniki. Ya duba katin ta ko-ta-kwana, sau nawa aka naɗe ta sau nawa aka buɗe ta a sama, ta Performance Designs in ta kai naɗi 40 ko buɗewa 25 sai an mayar da ita kamfani sun gwada yadin. Bayan ka saya kuma ka riƙe lokacin sake naɗinta, a dokar Amurka duk kwana 180 ne, ka tambayi abin da filinku yake bi kar ka bari ya wuce.

Nasan abin da ke ranka, yaushe zan rage to? Ba ranar da ka gaji da ita ba. Wanda yace ya gaji da 210 a dira 100 bai fara tuƙa ta bane, hawa kawai yake tana kawo shi ƙasa. Akwai wani tsohon hannu Bill von Novak da ya tsara abubuwan da ya kamata mutum ya iya a kan laimarsa kafin ya taɓa ta ƙasa da ita, kuma har yau ana amfani da su: ka iya shan kwana cikin rabin birki kana ƙasa-ƙasa ba tare da laimar ta nutse ba, ka iya karkata kana tsakiyar jan birkin sauka, ka sauka iska na bugunka ta gefe, ka sauka babu iska sam, ka sauka da jan maɗauran baya, waɗanda igiyoyin laima suke haɗe da su, kaɗai kamar linzami ya tsinke, ka sauka a gangare da hawa, kuma ka riƙa sauka cikin da'irar mita 10 kusan duk lokacin da ka nufa. Wannan juyawar cikin birki da na fara ambata ita ce maganin waccan fizgar da nace tana karya mutane, ka maimaita ta a can sama, sama da ƙafa 2,500 bayan ka duba ba kowa kusa, har hannunka ya haddace ta. Kuɗin da zaka ba mai Katana ka ɗebi kaɗan ka ƙara yin kwas ɗin tuƙin laima bayan wanda kayi na lasisin B, irin wanda ake fita daga jirgi a ƙafa 5,000 a buɗe nan take, koci yana ƙasa yana ɗaukar saukarka a bidiyo kuna kallo tare. In lokaci yayi sai 190, mataki ɗaya, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, ko girma ko irin laima, ba duka biyun ba. Wanda zaka tambaya kuma shugaban malamai ne ko jami'in kula da lafiyar fili, ba abokan da kuka yi kwas tare ba, su ma basu kai inda zasu ga abin da basu sani ba.

Ƙananan abubuwa biyu kafin in koma kan gida. Kyamara a hula ka bari sai dira 200 kamar yadda ake ba da shawara, tana ɗauke hankali kuma igiya na iya maƙalewa a jikinta. In kuma ka tafi hutu Kano ko azumi ya sa ka ajiye, mai lasisin B da ya wuce kwana 90 bai dira ba sai ya koma hannun malami tukuna, ka dawo da babbar laima da iska mai sauƙi. Da azumi a baki cikin wannan zafin ni ban baka shawarar hawa ba, ƙishirwa tana rage kaifin tunani kuma a ƙafa 13,000 iskar shaƙa ma ta ragu.

Yanzu madam. Ƙanina abin da ka faɗa mata ba gaskiya bane, kuma ta gane, shi yasa bata yarda ba. Baiwar Allah nan ta baro danginta ta biyo ka wata ƙasa, zamanta da na yaronku a can duk a kan bizar aikinka yake rataye, ta ga mutum ya bugu da ƙasa ta zo maka da tsoronta kai kuma kace babu abin da zai same ka. Ta san babu mai iya faɗin haka. Kuma ka duba, a daidai lokacin da kake rantse mata kana cikin aminci kana shirin sayen laimar da tafi kowacce iya kai ka inda mutumin bidiyon ya je. Tsoronta yafi lissafin abokanka kusa da gaskiya.

Ka zaunar da ita lokacin da yaro yayi barci ka fara da ban haƙuri akan waccan maganar. Ka faɗa mata eh akwai haɗari, ana mutuwa ana karyewa, ga alƙaluman, ga inda yawancin haɗarin yake, ga abin da yake hannunka ga wanda ba ya hannunka. Ka faɗa mata zancen Katana da bakinka, cewa an maka tayi ka ƙi kuma ga dalili, wannan zai kwantar mata da hankali fiye da rantsuwa goma domin zata ga kana iya cewa a'a. Ka ɗau alƙawuran da zata iya bin diddiginsu, bazaka rage laima ba sai malami ya sa hannu, bazaka hau ba in iska ta wuce kaza, bazaka hau da gajiya ko rashin barci ba, zaka kira ta in ka gama. In ta yarda ka kai ta filin ta zauna ta kalli saukar mutane hamsin lafiya, ta ga yadda ake duba kaya kafin a hau, ta tambayi malamai abin da take so, bidiyo ɗaya ta gani kuma mafi muni. In tace bazata je ba kar ka matsa.

Akwai kuma abin da maza basa son a taɓo. Mu mun iya cewa ajali in ya zo ya zo, gaskiya ne, amma tsakanin lafiya da ajali akwai wata shida a kwance da ƙarfe a cinya, akwai keken guragu. Ka ɗauko takardar inshorar lafiyar da wajen aikinka suka yi maka ka karanta, da yawansu suna cire raunin irin waɗannan wasanni, in naka haka yake ka nemi wadda take ɗauka kafin dira ta gaba. Ka rubuta wasiyya, ta san inda takardu suke da abin da ake binka da wanda kake bi, ta san nawa wasan nan yake ci a wata kuma ba daga kuɗin cefane ko na makarantar yaro yake fita ba. Mace in ta ga an yi tanadinta ko da abu ya faru, rabin fargabarta ta tafi, domin wani ɓangaren tsoron nata shine ni da yaron nan ya zamu yi.

Hajiya kuwa kai zaka faɗa mata, kuma kar ka ɗau fushi da madam don tace zata kai ƙara, bata da wani babba a kusa da zata kai kukanta ne. In Hajiya ta ji daga bakin suruka ko ta gani a wayar wani, laifi biyu ne, yin abin da ɓoyewar, kuma zaka jefa matarka a tsakiya. Ka kira ta cikin ladabi ka yi mata bayani yadda zata fahimta, ka nemi addu'arta. Zata iya cewa Allah ya tsare ka kula, zata iya cewa bata yarda ba. In tace bata yarda ba, ni bazan ce maka ka cigaba a ɓoye ba, wannan wasa ne na sha'awa ba farilla ba ba kuma sana'arka ba, ka dakata, ka bi ta da lallashi, ka samu wani kawunka ko malamin da take jin maganarsa ku tattauna, jirgi da fili suna nan ba inda zasu. Nafi son ka rasa wata shida na dira akan ka riƙa fita ƙofar jirgi da nauyin ɓacin ran mahaifiya da na mata a zuciyarka, mai rabebben hankali shine yake manta duba maɗaurin ƙirji.

Shi kuma mai kayan kace masa ka gode, nauyinka da yawan dirarka basu kai ba, akwai masu dira ɗari biyar zuwa sama da zasu karɓe su hannu bibbiyu. In ka samu wasu kayan, kafin ka biya ko sisi ka turo min girman laimomin biyu da shekarar ƙirarsu da ranar da na'urar zata ƙare da abin da mai naɗin ya faɗa bayan ya duba, sai mu sake lissafi. Ka gaida madam da yaron, Allah ya tsare.